Ranar Girbin Yaya Haladu

Shafi na 23

Assalamu alaikum. Masu aiko saƙo suna tambaya, duk na gani, ku yi haƙuri da ni. Mun tsaya ne a inda motar jam'iyya ta juye mu a filin taro na Funtua. Bismillah.

Rana ta take tsaka, mai neman shugabancin ƙasa bai iso ba.

Tun hantsi muke tsaye. Manya na cikin rumfa a kan kujeru, mu da aka kwaso daga ƙauyuka muna bayan igiya. An raba mana hula mai hotonsa da ruwan leda, ruwan ma ya yi zafi kamar na wankan jego.

Baba Awaisu, maƙwabcina a Unguwar Magarya, ya cire hular yana juya ta a hannu.

"Shitu, wannan shi ne na bana?"

"Shi ne, Baba."

"To ai kama suke da na wancan karon. Ko dai kumatun ne duk iri ɗaya?"

Na kusa da mu suka kwashe da dariya.

Na ce, "Baba rage murya, kaurayen jam'iyya na jin ka."

"Su ji mana. Me ya rage a jikina da za a sara? Na zaɓi dogo, na zaɓi gajere, na zaɓi wanda ya dafa Alƙur'ani a gabana. Hanyar Maska zuwa garinmu tana nan yadda ubana ya bar ta. Taki kuwa, bana a shago na hango buhunsa, na sunkuyar da kai na wuce kamar na ga surukata."

Wata mata mai goyo ta juyo ta ce, "To Baba me ya kawo ka?"

"Motar banza, 'yar nan. Na ce bari in zo in gani ko Funtua ta ƙaura."

Ni ban yi dariya ba. Gangar jikina ce a Funtua, hankalina yana Bayan Dutse.

Bayan Dutse nan ne gonakinmu na dawa suke, a bakin daji. Tun da ɓarayin daji suka fara ɗaukar mutane, ba mai zuwa can shi kaɗai. Sai muka yi tsari, girbi layi-layi, kowane gida da ranarsa. Ranar mutum a taru a yi masa gayya. Motar jami'an tsaro ta tsaya a kan gada. Yaranmu 'yan sa-kai kuma su riga kowa fita tun da sauran duhu, su hau bishiyoyi da bindigar toka da usur. Ba a ganin fitarsu, ba a tambayar wace bishiya suke, saboda masu kai wa ɓarayi labari. Kai dai in ka ji usur, ka yar da abin hannunka ka ruga. Wanda kuma ya bari ranarsa ta wuce, sai ya koma ƙarshen layi, lokacin tsuntsaye da ɓarayi sun gama da gonar.

Yau ba ranata ba ce. Ranar Yaya Haladu ce, ɗan wan mahaifina, shugaban jam'iyya na mazaɓarmu. Shi ya same ni har zaure ya ce mu yi musaya.

"Dawarka ta bushe tana zuba, ƙanena. Karɓi ranata, ni sai in karɓi taka ta mako mai zuwa."

Har ƙwalla sai da na yi. Da ya ce in saka masa da zuwa taro don motarsa ta cika, bakina ya kasa cewa a'a. Na bar wa ɗana na fari, Mus'ab, jagorancin girbin. Da sassafe na raka su bakin gari, shi yana kora shanun amalankenmu, ga dattawan unguwa da tsofaffin mata masu yankan zangarniya, sannan na dawo na hau mota.

Na sake zaro waya na kira yaron. Ba ta shiga. Na san babu sabis a Bayan Dutse, amma hannuna ya ƙi bari.

Baba Awaisu ya ce, "Za ka cinye cajin nan a banza. Yaron nan ya fi ka iya ɗaurin dami."

"Na sani, Baba."

"To kwantar da hankalinka. Ni ma Mairo na can, kuma ka gan ni nan ina shan ruwan zafi lafiya lau."

Mairo matarsa ce, tun auren ƙuruciya.

Na ce bari in zaga bayan fili in nemi inuwa. A can ne aka jera motocin jami'an tsaro, hanci da hanci. Ina wucewa ina kallonsu, sai ƙafata ta tsaya da kanta.

Mota baƙa, ƙofar bayanta fara.

Mu muka sa mata wannan ƙofar. Da ta asalin ta ɓalle, karo-karo muka yi a masallaci muka sayo tsohuwa a wurin 'yan gwangwan. Ko a mafarki na gan ta zan gane ta.

Direban na zaune a gindinta yana shan rake.

"A'a! Malam Shitu! Kai ma ka zo ganin shugaba?"

"Yallaɓai, me motar nan take yi a nan?"

"Aiki mana."

"To waye a gada?"

Ya tofar da ɓawon rake, ya kau da kai.

"Tun asuba aka kira mu. Duk motocin yankin nan suna nan, har ta wajen Dayi. Umarni ne daga sama, Malam. Ni ɗan aike ne."

"Yau ana girbi a Bayan Dutse!"

Ya miƙe tsaye. "Girbi kuma? Ai tun makon jiya muka faɗa wa ciyaman ɗinku ba za mu zo ba. Muka ce ya sanar da ku a ɗaga."

"Wane ciyaman?"

"Alhaji Haladu mana. Akwai wani ne?"

Na juya na tafi ban ko yi masa sallama ba. Ina tafe ina lallashin zuciyata. Ko ba mota ai akwai yaranmu a kan bishiya. Talha na can. Talha ba ya barci, ba ya wasa, idonsa kamar na shaho. In ya hango ƙurar babur daga nesa zai busa, su watse cikin kara. An taɓa yi, kowa ya dawo.

Haka na dinga faɗa wa kaina har na iso gaban rumfar manya.

Samari ne a jere riƙe da igiya suna tura mutane baya. Kowa da riga mai hoton ɗan takara a kan kayansa. Na uku daga dama, dogo, mai tabon ƙuna a wuya.

Talha ne. Shugaban 'yan sa-kan garinmu.

Na kusa da shi ma namu ne. Da na bayansa. Duk suna nan.

Ban san sanda na kutsa na cafki wuyan rigarsa ba.

"Kai! Me kake yi a nan?"

"Baba Shitu, lafiya? Sake ni mana, ana kallonmu."

"Waye a kan bishiya?"

"Wace bishiya?"

"Bayan Dutse! Wa kuka bari?"

Ya saki igiyar. "Baba, ai an ɗaga girbin."

"Wa ya ɗaga?"

"Alhaji ya tara mu jiya ya ce an ɗaga, ya ce kun gama magana da shi. Ya ce mu ajiye bindigogi mu zo mu tsare rumfa. Da duhu aka ɗauko mu a wata mota daban." Ya zaro ido. "Baba, kar ka ce mini sun tafi."

"Ni na raka su da ƙafata."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da su wa?"

"Yaron wajena. Dattawa. Tsofaffin mata."

"Suna can suna zaton muna sama?"

"Suna can suna jiran usur ɗinka, Talha."

Ya ɗora hannu biyu a ka. Yaro ne mai taurin zuciya, ranar da aka harbe shi a cinya ko uhum bai ce ba, amma yau na ga leɓensa na karkarwa.

Na ce, "Ina Haladu?"

Ya nuna mini bayan rumfa da haɓa.

Na same shi tsaye da babbar riga fara ƙal, yana raba wa mata tutoci yana yi musu bitar abin da za su faɗa in an iso. Da ya hango fuskata sai ya miƙa wa wani sauran tutocin, ya ja ni gefe, bayan janareta.

"Shitu, ka ci abinci kuwa? Zo in sa a ba ka na manya."

"Yaya, na ga motar gada."

Ya kau da kai.

Na ce, "Na ga Talha."

"Rage murya."

"Ba zan rage ba. Tun yaushe ka sani?"

"Shitu, nan ba wurin wannan maganar ba ne."

"Tun yaushe? Kafin ka zo zaurena ko bayan ka zo?"

Ya goge gumi da hannun riga. Ya dubi hagu, ya dubi dama.

"Kafin."

Wallahi da mari ya kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Ka zauna a kan tabarmata. Matata Hajjo ta dama maka fura. Na kama hannunka ina sa maka albarka."

"Saurara ka ji. Kai ba ka san yadda abin nan yake ba. An kira mu ofis, an ce kowane shugaban mazaɓa ya kawo mota cike, ya kawo samari majiya ƙarfi. Wanda ya gaza, a cire shi. In an cire ni, wa zai riƙa zuwa yana roƙo a bar mana motar gada? Kai? Ko Baba Awaisu? Wannan motar da kake gani, da durƙusona ake barinta. Yini ɗaya suka ce a ba su. Yini ɗaya tak!"

"To ka fito masallaci ka faɗa mana. A ɗaga girbin."

"In ɗaga in koma ƙarshen layi? Ka san dokar, da kai aka kafa ta. Gonata ta fi ta kowa girma. Mutum nawa ke ci a gidana?"

"Shi ne ka ba ni."

"Wani zan ba? Wani zai tsaya yana tambaya. Kai ne ba ka tambayata."

Na dube shi. Mutumin nan a ɗaki ɗaya muka tashi, a akushi ɗaya muka ci tuwo. Ranar da aka binne mahaifina shi ya riƙe ni a bakin kabari.

Ya dafa kafaɗata. "Kuma ai ban bar ka ba. Me ya sa kake ganin na nace sai ka hau mota? Don motar ta cika? Ina da masu cika ta. Ɗauke ka na yi daga wurin. Kai jinina ne."

"Yaron fa? Shi ba jininka ba ne?"

"Shi yaro ne, Shitu. Yana da ƙafa. In abu ya taso zai iya gudu."

Na ture hannunsa.

"Mairo matar Baba Awaisu ma tana da ƙafa? Da sanda take tafiya!"

"Haba, kai ma ka cika mugun fata. Ɓarayin nan duba suke yi? Ina za su san babu kowa yau?"

"Yaya, wata guda ana shelar taron nan a rediyo. Hoton mutumin nan har a jikin bishiyoyin hanyar daji an manna. Kowa ya san inda motocin tsaro suke kwana in babban mutum zai zo. Ni ne kaɗai wawan da bai yi lissafi ba, don na yarda da kai. Su ba su da rediyo ne?"

Ya sunkuyar da kai, na ci gaba.

"In sun zo suka ga gada ba kowa, suka tsaya suka ji ba usur, me kake tsammani?"

"Allah zai tsare."

"Kar ka sako Allah a cikin wannan. Da za ka tsare dawarka ai ba ka bar wa Allah ba, musaya ka nema."

Sai na ji tari a bayana. Baba Awaisu ne, ya biyo ni yana dogara sanda. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Hular ɗan takara na hannunsa. Fuskarsa ba sauran raha.

Ya ce, "Haladu."

"Na'am, Baba."

"Ni na yi maka huɗuba a kunne ranar da aka haife ka, ubanka ya tafi ci-rani."

"Baba, don Allah ka fahimce ni..."

"Na fahimta. Shekara da shekaru ina zagin na sama, ina cewa ba su san mu ba ne, shi ya sa. Kai fa? Ka san sunan kowace tsohuwa da ke gonar nan."

Ya saki hular ta faɗi a ƙasa. Bai ƙara kallon Haladu ba.

"Shitu, ni ba ni da ƙafar gudu. Je ka. In ka ga Mairo ka ce ta bar kwandon, ta taho."

Kafin in ɗaga ƙafa sai ga jiniya ta ko'ina. Fili ya ɗauka. Makaɗa suka saki ganguna, mata suka rangaɗa guɗa, mai lasifika na ihu yana cewa ga mai ceton talaka nan ya iso.

Haladu ya gyara babbar rigarsa.

"In an tashi zan sa mota ta kai ku. Yanzu dole in je in tarye su."

Ya tafi. Da sauri ma.

Talha ya iso yana haki, ya tuɓe rigar hoton ya yar. Uku daga cikin yaransa na biye da shi.

"Baba, mu nemi 'yan acaɓa. In mun bi ta Maska za mu biya gida mu ɗauki bindigogi."

Muka kutsa cikin mutane, muna tafiya sama suna tafiya ƙasa. Aka take mini ƙafa, aka yage mini aljihu. Da ƙyar muka kai ƙofar fili.

An rufe ta. Jami'ai sun yi shinge, kauraye na bayansu da gora.

"Ba shiga, ba fita sai shugaba ya gama magana!"

Na ce, "Yallaɓai, don girman Allah, ɗana na daji ba mai tsaronsa!"

"Koma baya, Baba."

"Akwai tsofaffi! Ka bar ko yaran nan su wuce!"

"Ko kun fita ba babur ɗin da zai motsa. An rufe titi har sai jerin motoci ya bar gari. Koma baya na ce!"

Wani ɗan kauraye, yaron da bai kai ɗana ba, ya ɗaga mini gora. "Tsoho, ka sha ruwan mutane ka karɓi hula, yanzu ka ce za ka gudu kafin a ɗauki hoto?"

Talha ya yi kansa, na riƙe shi. In suka fasa masa kai, wa zai je?

Sai muryar ɗan takarar ta cika fili. Murya mai daɗi, kamar ta mai wa'azi.

Ya ce ya san halin da manoma ke ciki. Ya ce daga ranar da aka rantsar da shi, manomi zai je gona da tsakar dare ya dawo ba abin da zai taɓa shi. Ya ce ku ɗaga hannu in kun yarda.

Hannuwa suka tashi kamar karan dawa. Na duba fuskokin na kusa da ni. Manoma ne irina, leɓe a bushe, ido a zurme. Sun ɗaga hannu, amma ba wanda idonsa ke kan mai maganar. Wani na tambayar wani yaushe za a sallame mu.

Talha ya ce, "Baba, akwai wurin da katanga ta zube ta baya. Mu gwada can. In ba babur mu tafi da ƙafa."

"Mu je."

Mun fara gudu ke nan na ji waya na motsi a aljihuna.

Na zaro ta da sauri. Ba Mus'ab ba ne. Hajjo ce, matata.

Na toshe kunne ɗaya da yatsa.

"Hajjo! Sun dawo?"

Hayaniya ta hana ni ji. Na durƙusa a gindin katanga, na cusa kaina cikin riga.

"Ɗaga murya! Na ce sun dawo?"

"Malam... shanun sun dawo."

"Alhamdulillahi! Ba yaron wayar."

Na ƙara manna wayar a kunne.

"Hajjo, ba shi wayar na ce!"

"Shanun ne kawai, Malam. Sun jawo amalanken har ƙofar gida su kaɗai. Dami bai kai rabi ba, igiyar hancinsu na jan ƙasa. Ba kowa a kai. Ba kowa a bayansu. Na fita har bakin gari na duba hanya, ba kowa."

Na dafa katanga. Talha na tsaye a kaina yana tambayata me ta ce.

Tun da Hajjo ta haifi yaron nan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ɗan fari ne. Ko ciwo yake yi, "wannan" take ce masa, ko "yaron nan", ta kau da kai.

Na ji ta ja numfashi.

"Malam," ta ce, "ina Mus'ab?"